Da Sanyin Safiya Ake Kama Fara: Darasi Domin Iyali a Kan Neman Tallafin Karatu

A yawancin ikkilisiyoyinmu, da zarar jami'o'i sun fara sakin sunayen ɗaliban da suka ɗauka, sai ka ga iyali sun fito gaba ran Lahadi da rawa da baiko na godiya, domin yaronsu ya sami gurbi. Mata su yi guɗa, jama'a su yi musu barka. Bayan mako biyu kuwa, uban nan da ya yi rawa sai ya zo gidan dattijo ko malami da dare, da takarda a hannu, murya ƙasa-ƙasa, ya ce, "An ce a biya kafin ƙarshen wata. Ko ka san inda ake samun sikolashif?"

Na sha zama da iyaye irin waɗannan, amsar da nake ba su kuwa ba ta cika yi musu daɗi ba. Gama a daren nan babu wani tallafi da zai fito kafin ƙarshen wata. Tun daga shekara ta 2023, sa'ad da jami'o'in gwamnati da yawa suka ƙara kuɗin rajista, aka kuma janye tallafin man fetur, wannan ziyara ta dare ta yawaita. Saboda haka na ga ya dace mu yi nazarin al'amarin tun da sauran lokaci, iyaye da yara tare, domin tallafin karatu yana da ka'idodinsa, yawancinsu kuma ana cika su ne tun shekara ɗaya ko biyu kafin a buɗe fom.

Shekarar farko ta iyali ce

Da fari bari mu rarrabe abubuwa uku da jama'a suke haɗawa da suna ɗaya. Akwai kyautar karatu, wadda ake ba ɗalibi saboda ƙwazonsa ko saboda rashin hali, ba a kuwa biyanta. Akwai ɗan alawus da jihohi suke ba 'yan asalinsu, wanda ba shi da yawa, ba kullum yake fitowa a kan lokaci ba. Akwai kuma bashin karatu, wanda za a biya daga baya. Duk wanda aka miƙa wa fom, sai ya fara tambaya wanne ne a cikin ukun.

Yanzu ga abin da iyaye da yawa ba su sani ba. Kusan dukan kyautar karatun digiri na farko a Nijeriya tana neman ɗalibin da ya riga ya shiga makaranta, yana da lambar rajista, sau da yawa ma har ya ga sakamakon shekararsa ta farko. Hukumar ba da tallafin karatu ta tarayya, wadda take ƙarƙashin Ma'aikatar Ilimi a Abuja, tana neman ɗaliban makarantun gwamnati da suka kai aji biyu ko fiye, a jami'a kuma takan nemi matsakaicin maki 4.0 cikin 5.0, sa'an nan a zauna jarrabawa ta kwamfuta. A 2025 ma'aikatar ta sanar da ƙara wannan kyauta zuwa naira 450,000 a shekara ga ɗaliban digiri na farko da takwarorinsu na kwalejoji. Gidauniyar MTN tana ɗaukar ɗaliban kimiyya da fasaha na aji uku masu maki 3.5 zuwa sama, tana kuma da shiri dabam domin ɗalibai makafi. Kamfanonin mai da suke aiki tare da NNPC, da kuma kamfanin iskar gas na NLNG, su ma suna da nasu, wani yana karɓar 'yan aji ɗaya, wani 'yan aji biyu, amma dukansu sai an nuna takardar shiga jami'a.

Gaskiya ne, yaron da ya fito cikin sahun farko a jarrabawar JAMB ta ƙasa duka yakan sami mai ɗaukar nauyinsa. Amma waɗannan 'yan ƙalilan ne, ba a kuwa gina shirin gida a kan irin wannan sa'a. Na san gidan da aka bar yaro ya zauna shekara biyu, gurbinsa ya wuce, wai ana jiran sikolashif tukuna. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Kuɗin karɓar gurbi, da na rajista, da na ɗaki, da abincin zangon farko, nauyin iyali ne. Iyalin da yaronsu yake aji biyu na babbar sakandare, yanzu ne lokacin da za su fara ware buhun masara ko na waken soya, ko akuya biyu, ko kwasar adashi guda, su sa mata suna, kada kuma biki ko zaman makoki ya cinye ta.

Lissafin da ya kamata kowane yaro ya iya

In shekarar farko ta iyaye ce wajen kuɗi, ta yaro ce wajen maki. A nan nake so mu daɗe kaɗan, gama a nan ne yaranmu suka fi yin hasara ba su sani ba.

A yawancin jami'o'inmu, wanda ya ci 70 zuwa sama a darasi ya sami A, watau maki 5. Daga 60 zuwa 69 B ne, maki 4. Daga 50 zuwa 59 C ne, maki 3, haka har ƙasa. Ana tara waɗannan bisa ga nauyin kowane darasi, a fitar da matsakaici, shi ne abin da ɗalibai suke kira CGPA. Wannan matsakaici ba ya mantuwa. Abin da yaro ya samu a zangon farko yana binsa har ranar da zai sa rigar kammalawa.

Bari mu ɗauki yaro wanda ya gama aji ɗaya da 3.0. A gida za a ce ya yi ƙoƙari, gama bai faɗi ko darasi ɗaya ba. Amma in nauyin darussan shekarun biyu daidai yake, domin matsakaicinsa ya kai 4.0 a ƙarshen aji biyu, sai ya ci A a kowane darasi na shekarar, ba B ko ɗaya. Wanda ya gama aji ɗaya da 2.5 kuwa, sai ya sami 4.5 a aji biyu kafin ya taɓa 3.5 ɗin da MTN take nema. Mai yiwuwa ne, amma da wuya. Ga shi kuwa shekarar farko ita ce wadda yaro yake sabon shiga gari, ba mai tashinsa da asuba, ba mai tambayarsa inda ya kwana. Darussanta ma galibi maimaicin na sakandare ne da ɗan ƙari, watau lokacin da maki ya fi arha shi ne lokacin da aka fi wasa da shi.

Ina da magana kuma ga yaranmu masu himma a zumunta, ina fata za a karɓe ta da kyakkyawar zuciya. Na ga ɗaliban da suka shiga ƙungiya uku a zangon farko, kowace yamma suna taro ko koyon waƙa, ranar jarrabawa kuwa su shiga da littafin da ba su buɗe ba. Zumunta tana da kyau ƙwarai, ita take riƙe yaro a baƙon wuri. Amma shugabannin da suke ɗora wa ɗan aji ɗaya aiki kowace rana, ya kamata su tambaye shi makinsa su ma. Iyaye kuma, ko ba ku yi boko ba, ku ce yaro ya kawo sakamako a rubuce kowane zango, ku sa wani ya karanta muku. "Lafiya lau, Baba" ba sakamako ba ne.

Tun a sakandare ma akwai abin lura. Jami'a takan karɓi kiredit biyar, har da Turanci da Lissafi, ko da an haɗa su daga zama biyu na WAEC ko NECO. Waɗansu masu ba da tallafi kuwa sukan ce sai a zama ɗaya. Yaron da ya ce zai gyara Lissafi a baɗi, ya sani akwai ƙofofin da ya rufe wa kansa.

Sunan da yake kan takarda

Akwai wata yarinya a wata ikkilisiya da na zauna, bari mu kira ta Rifkatu, ko da yake ba shi ne sunanta ba. Makinta ya wuce 4.0, mahaifinta ya rasu, uwarta tana sayar da ƙosai. In akwai wanda ya cancanci tallafi, ita ce. Sa'ad da wani kamfani ya buɗe fom, sai muka zauna mu cika. A takardar sakandare sunanta Rifkatu. A katin ɗan ƙasa an rubuta Rebecca, domin ranar da aka je rajista ta ga na Turanci ya fi daɗin ji. A banki kuwa sunan kakanta ne a ƙarshe, ba na mahaifinta ba. Na'ura ta ƙi haɗa su. Muka bi kotu domin takardar rantsuwa, muka bi ofisoshi domin gyara, kafin a gama an rufe fom. Ta samu a shekara ta gaba, amma shekarar nan guda uwarta ta sayar da filin da mijinta ya bari.

Wannan matsala ta fi samun gidajenmu, domin sunayenmu suna da fuska biyu. Bulus ne a gida, Paul a makaranta. Yohanna ya zama John, Istifanus ya zama Stephen, Saratu ta zama Sarah. Ga sunan yare, ga sunan baftisma, ga sunan kaka da wani malamin firamare ya ɗora ba tare da ya tambayi kowa ba. A dā akawu yakan duba fuskarka ya gane mutum ɗaya ne. Yau na'ura ce take dubawa, harafi ɗaya kuwa ya ishe ta ta ƙi ka. Tun daga 2021 ba a rajistar JAMB sai da lambar NIN, saboda haka abin da aka rubuta a NIN shi ne yake bin yaro zuwa JAMB, zuwa jami'a, zuwa banki, har hidimar ƙasa. Haka kuma ranar haihuwa. Iyayen da suka rage wa yaro shekara a wata takarda suka bar ta a wata, sun ɗaura masa dutse a ƙafa.

Maganin yana da sauƙi in an yi shi da wuri. Ku zaɓi suna ɗaya, da tsari ɗaya, da rubutu ɗaya, kafin yaro ya yi rajistar WAEC, ku tabbata shi ne a takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa da kuma NIN. Layin wayar da aka yi rajistar JAMB da shi ya zama na yaron ko na gida, a kuma kiyaye shi kada ya mutu. Adireshin imel ma ya zama nasa, ya san kalmar sirrinsa. Masu shagon intanet da yawa sukan sa nasu layi da nasu imel domin sauri, daga baya saƙon gayyatar jarrabawa ya tafi wurinsu, yaro yana gida yana jira.

Sai takardar shaidar asali daga ƙaramar hukuma. Hukumomin tallafi na jihohi suna bin asali ne, masu ba da kyauta na ƙasa ma sukan raba gurabe bisa ga jihohi. Yaron da aka haifa a Legas ko Fatakwal ko Sabon Garin Kano, amma iyayensa daga Filato ko Adamawa ko Taraba suke, a can gida zai nemi takardarsa, sau da yawa kuma sai mai unguwa ko hakimi ya shaida shi. In kun je gida Kirsimeti, ku ba wannan aiki kwana ɗaya kafin ofisoshi su tafi hutu. 'Yan'uwanmu da rikici ya kora, takardunsu suka ƙone, kada su fid da zuciya. Tun 2022 hukumar WAEC ta buɗe hanyar samun takardar shaida ta intanet ga waɗanda suka zauna jarrabawa daga 1999 zuwa gaba, sauran takardu kuma ana sake su da rahoton 'yan sanda da rantsuwar kotu. Abin yana cin lokaci ne kawai, shi ya sa ba a barinsa sai an buɗe fom.

Bashin gwamnati: a ci ko kada a ci?

Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar bashin ɗalibai a watan Yuni 2023. Dokar farko ta zo da sharuɗa masu tsanani, har da kawo masu tsayawa da iyakance abin da iyali suke samu a shekara. Aka sake ta a watan Afrilu 2024, aka cire waɗannan, asusun da ake kira NELFUND kuma ya fara karɓar masu nema a watan Mayu na shekarar. Bashin ba shi da ruwa. Kuɗin makaranta ana biyansa kai tsaye ga makarantar, ɗalibin da ya nema kuma aka fara ba shi naira 20,000 a wata domin abinci da ƙananan bukatu. Ana fara biya shekara biyu bayan hidimar ƙasa, ana cire kashi 10 cikin ɗari na albashi, ko na ribar mai sana'ar kansa. Ana bukatar lambar JAMB, da NIN, da BVN, da lambar rajista, sai kuma makarantar ta riga ta aika sunan ɗalibin ga asusun. Kun ga maganar suna ta sake dawowa.

Abu ɗaya da ya shafe mu musamman: bashin na ɗaliban makarantun gwamnati ne, na tarayya da na jiha. Jami'o'in da ikkilisiyoyi suka kafa, kamar Bingham a Karu, da Bowen a Iwo, da Karl Kumm a Vom, masu zaman kansu ne. Iyalin da suke so yaronsu ya tafi can, su yi lissafin shekara huɗu ko shida da aljihunsu, su kuma tambayi makarantar kanta ko tana da rangwame.

Waɗansu iyaye suna ƙyamar bashi ko wane iri, ina kuwa girmama wannan. Amma ga nawa ra'ayi. In zaɓin da yake gabanku shi ne ko yaro ya bar makaranta, ko a sayar da gonar da take ciyar da ƙannensa, ko a je wurin mai ba da kuɗi da ruwa, to, bashin da ba shi da ruwa ya fi dukan waɗannan. Abin da nake tsoro shi ne yaran da suke ɗaukarsa kamar rabon gwamnati. Naira 20,000, in an karɓa wata goma a shekara har shekara huɗu, ta zama 800,000, ban da kuɗin makaranta. Sunan yaron ne a kai. Wanda iyayensa suke iya ciyar da shi, ya karɓi na makaranta kaɗai. A kuma rubuta kowane kobo a littafi a gida, domin ranar biya kada a yi mamaki.

Ƙasar waje, da masu kafa tarko

A kan karatu a ƙasar waje ba zan daɗe ba, gama yawancin ƙofofinsa na digiri na biyu ne. Chevening ta gwamnatin Birtaniya tana neman wanda ya gama digiri, ya kuma yi aiki na shekara biyu, da alkawarin zai komo gida bayan karatu. Ta Commonwealth da ta asusun PTDF, wanda yake kula da fannonin da suka shafi man fetur, sukan nemi digiri mai daraja ta biyu ta sama, watau 3.5 zuwa sama. Shirin nan na yarjejeniya da ƙasashe kamar Rasha da Maroko da Hungari, wanda ya kai yara da yawa waje daga sakandare, Ministan Ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke shi a watan Afrilu 2025, bayan ɗalibansa sun daɗe suna kukan rashin biyan alawus. Saboda haka hanyar waje ma ta cikin makin aji ɗaya take bi.

Inda ake ƙishirwa kuwa, nan masu sayar da gurɓataccen ruwa suke taruwa. Saƙo zai zo ta WhatsApp ko Facebook, da tambarin gwamnati, a ce yaronku ya ci tallafin da bai taɓa nema ba, a biya kuɗin tantancewa a asusun wani mutum. Wani ma zai zo da sunan wata ƙungiyar mishan ta waje, da harshen ibada, domin ya san inda zuciyarmu take da taushi. Yawancin shafunan hukumomin gwamnatin Nijeriya suna ƙarewa da gov.ng. Ofishin kula da harkokin ɗalibai na kowace makaranta yakan san tallafin gaskiya. Kada a ba kowa lambar sirrin katin banki, ko lambar da banki ya aiko ta waya, ko da ya ce shi ne shugaban hukumar.

Wasiƙar shaida da faɗin gaskiya

Masu ba da tallafi da yawa sukan nemi wasiƙa daga wanda ya san ɗalibin, da ɗan rubutu daga hannun ɗalibin kansa. Ina roƙon pastoci da malamai, wasiƙar da ta ce "yaro ne mai ladabi da biyayya" ba ta taimakon kowa, gama mai karantawa ya ga irinta ɗari a ranar. Ku faɗi abin da idonku ya gani: shekara nawa kuka san shi, yara nawa ya koya wa karatu a lokacin hutu, yadda ya riƙe kuɗin ƙungiyar matasa ba a rasa ko sisi ba, yadda take zuwa gona da safe ta tafi makaranta da rana. Yara kuma su riƙa rubuta irin waɗannan ayyuka da shekarunsu, su ba mai rubuta wasiƙa mako biyu, ba daren rufe fom ba.

Gwaji yakan zo a wurin cika fom. An ce marayu za a fi dubawa, sai a kashe uba a takarda alhali yana zaune a tsakar gida. An ce wata jiha ba ta da masu nema da yawa, sai a sayi takardar asalinta. Na ji iyaye masu zuwa sujada suna cewa kowa haka yake yi. Gurbin da aka samu ta haka, na wani maraya ne na gaske, wanda wataƙila yana zaune a benci ɗaya da ku ran Lahadi. In kuma asiri ya tonu, sukan karɓe tallafin, wani lokaci har da gurbin karatun. Pasto ko dattijon da aka kawo wa irin wannan takarda ya sa hannu, ya ƙi, ya kuma faɗi dalili.

Ikkilisiya tana da abin da za ta yi wanda ba ya cin kuɗi. A kusan kowace akwai malamin makaranta, ko ma'aikacin gwamnati, ko mai hidimar ƙasa da ya san hanyar intanet. A ba mutum ɗaya aikin tattara sanarwar tallafi da ranakun rufewa, a karanta su tare da sauran sanarwa, a tuna da 'yan mata da masu nakasa, waɗanda sau da yawa ba a gaya musu. Inda zumuntar mata ko ta maza take da asusun ilimi, shawarata ita ce a fi zuba shi a kan 'yan aji ɗaya, tun da su ne ba su da wata ƙofa.

Aikin gida

A wannan mako, bayan abincin dare, uba ko uwa su fito da takardun kowane yaro da ya kai sakandare: ta haihuwa, ta firamare, katin NIN, ta asali, da sakamakon da yake hannu. A shimfiɗa su a kan tabarma, yaro ɗaya ya karanta suna da ranar haihuwa harafi harafi, wani yana dubawa a ta gaba. Inda aka ga bambanci a rubuta shi, a sa ranar da za a je gyara da sunan wanda zai je. Wanda yake jami'a kuma ya kawo makinsa, a yi lissafin nan tare da shi, a ga nawa yake bukata a zango mai zuwa. Sa'an nan a sa takardun duka cikin leda mai kauri, a ɗauki hotonsu a waya, a ajiye kwafi ɗaya a gidan wani ɗan'uwa.